Fiffiken Nutso Na Silinda Biyu: Wanne Ya Dace Da Ruwan Yauri?

Cikin kayan da mai goya silinda biyu zai saya, babu mai rikita mutum kamar jakar iskar nan da ake matsewa tsakanin farantin baya da silindojin, wadda masu sana'ar ke kira fiffike. Regileta, wato na'urar da ake shaƙar iskar silinda ta cikinta, in ka sayi ta kamfani mai suna, magana ta ƙare. Faranti ƙarfe ne kawai mai huji. Fiffike kuwa iri-iri ne. Akwai mai ɗaga kilo 18, akwai mai 27, har da wanda ya haura 40. Akwai zagayayye mai siffar zobe, akwai mai buɗaɗɗen ƙasa da ake kira takalmin doki. Wani an tamke shi da igiyar roba, wani a sake yake. Wani jaka ɗaya ce a cikinsa, wani biyu. Mai sayar da shi kuma yana can Legas ko Dubai ko Jamus, bai taɓa ganin kogin Kwara a watan Satumba ba, balle ya san abin da ke kwance a ƙasan tafkin Kainji.

Tun kifewar jirgin nan kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021, wanda ya ɗauko mutum fiye da ɗari, ake ta zancen samun masu nutso da kayan zamani a ƙasar Yauri. A irin wannan rana Sarkawa da sauran masunta ne ke sauka da numfashin ƙirjinsu kawai, Allah Ya saka musu da alheri. Yanzu akwai samarinmu da suka koyo nutso da silinda a kudu, suna son haɗa kayan kansu, kuma kusan duk wanda na ji yana maganar fiffike, hankalinsa na kan mafi girma. A ganinsa tunda silinda biyu ce, kuma rai ne a kan layi, gara a yi rara. Ni ban yarda da wannan ba. Fiffiken da ya fi ƙarfin kayanka yana da nasa haɗarin, kuma a ruwa irin namu haɗarin ya fi yawa.

Sai an san aikin da fiffike ke yi kafin a san girman da ake nema. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ranar bikin su na Argungu ya ga yadda masunci ke kifa cikinsa a kan gora, iskar da ke cikin goran tana riƙe shi a sama. Fiffike goran ne, sai dai shi ana ƙara masa iska ana rage masa. Kowace lita ɗaya ta iska da ka hura a ciki tana ɗaga kilo ɗaya a ruwan kogi. Ayyukansa biyu ne. Na farko, a ƙasan ruwa ya ɗauke maka nauyin da ya yi maka yawa, yadda za ka tsaya cak, ba ka nutsewa ba ka tasowa. Na biyu, a saman ruwa ya riƙe kayanka ko da ka cire su ka hau jirgi, ya kuma fito da kanka waje sa'ad da kake sanye da su. Duk wanda ya fi nauyi cikin lissafin nan biyu, shi ne ma'aunin fiffikenka.

Nauyin da ke yi wa mai nutso yawa a farkon sauka, mafi yawansa iskar da ke cikin silinda ce. Mutane na mamakin jin iska tana da nauyi, amma lita dubu ta iska ta kai kimanin kilo 1.2. Silindar alminiyam da ta fi yawa a duniya, wadda ake kira AL80, tana cin lita 11.1 a matsin bar 207, iskar cikinta kusan kilo 2.7, biyu ke nan kilo 5.4. Silindar ƙarfe mai lita 12 guda biyu a bar 232 suna ɗauke da kimanin kilo shida da rabi. In masu lita 15 ne, iskar ta doshi kilo takwas. Wannan nauyin shaƙe shi za ka yi sannu a hankali. Saboda haka ana daidaita dalmar da mutum ke ɗaurawa don ƙara nauyi ne yadda zai iya tsayawa a mita biyar ko uku sa'ad da silindojin suka kusa ƙarewa, fiffike kuma babu iska a cikinsa. Ma'ana a farkon nutso ka fi ƙima nauyi da daidai nauyin iskar nan, kuma fiffike ne zai ɗauke shi.

Sai rigar roba. Soso ne mai ƙananan kumfa, kuma kumfar tana motsewa in an yi zurfi. A mita 10 matsin ya ninka na sama sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Riga mai kaurin milimita 3 tana ɗaga kilo biyu zuwa uku a sama, a ƙasa sai ta rasa mafi yawansa. Mai milimita 7 irin ta Turawa tana iya rasa kilo biyar ko fiye. Mu nan ko a tsakiyar hunturu da wuya mutum ya wuce milimita 3 ko 5, wannan kuwa ya rage mana buƙatar babban fiffike ƙwarai.

To mu haɗa. Ɗauki AL80 biyu cike, a ruwan kogi kowace tana ja ƙasa da kilo ɗaya da ɗan wani abu. Ƙara bututun da ke haɗa bawul ɗinsu da maɗauran ƙarfe biyu, kimanin kilo biyu. Regileta biyu, kusan kilo biyu. Farantin baya na ƙarfe, kilo biyu da rabi. Fitila da wuƙa da ƙananan kaya, kilo ɗaya. Duka bai wuce kilo tara zuwa goma ba. Ko ka rataya wa kayan dalma kilo biyu, kana kan sha biyu. Fiffike mai kilo 18 ya ɗauke wannan, ya bar maka kilo shida na fito da kai sama da igiyar ruwa. Me za ka yi da kilo 27?

In silindojin ƙarfe ne masu lita 12, lissafin ya canza. Su ko babu iska a ciki nutsewa suke yi. Cike, tare da bututu da maɗaurai, suna jan kilo goma zuwa sha biyu, gwargwadon kamfanin da ya ƙera su, don wasu sun fi wasu kauri. Da regileta da faranti ko na alminiyam ne, ka kai sha uku zuwa sha biyar. A Turai da yawa suna goya irin waɗannan da fiffike mai kilo 18, kuma yana isar su, amma su suna sanye da busasshiyar riga wadda ruwa ba ya shiga, ana hura mata iska, ta zama musu mataimaki na biyu. Kai da kake cikin rigar roba, kilo 18 ya zo maka ƙut da ƙut. Kilo 20 zuwa 23 ya fi kwanciyar hankali. Masu lita 15 kuwa, nan ne kilo 25 zuwa 27 ke da hujja.

Waɗannan alƙaluman kintace ne, kada ka biya kuɗi a kansu. Hanya mafi sauƙi tana kasuwar kifi. Aro sikelin rataye, ka haɗa silindojinka cike da faranti da regileta, ba fiffike, ka ɗaura igiya mai ƙwari, ka sauke su daga jirgi har ruwa ya rufe su a wuri marar zurfi, ka karanta. Abin da sikeli ya nuna, ƙara masa kilo huɗu ko biyar, ka nemi fiffike mafi kusa da wannan adadi. Wanda ya yi horonsa a teku kuma ya tuna ruwan gishiri ya fi na kogi ɗaga abu da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari. Mutumin da nauyinsa da kayansa suka kai kilo 120, in ya baro Legas ya zo Yauri, sai ya rage kimanin kilo uku na dalma. Da yawan masu kukan fiffikensu ya yi musu kaɗan, dalmar teku ce suka zo da ita.

Kamfanonin Amurka da laba suke rubutawa, laba ɗaya kuwa gram 454 ce. Laba 40 ita ce kilo 18, laba 45 kilo 20, laba 60 kilo 27. Halcyon suna da Evolve mai 40 da mai 60. Apeks na Ingila suna da WTX-D45 da D60 na silinda biyu. Dive Rite suna da Classic, wanda ke wajen laba 60. Kada dai ka ɗauki lambar da ke jikin kwali tamkar aya: in an matse fiffike tsakanin faranti da silindoji masu ƙiba, ba ya samun wurin kumbura duka, sai ya ba da ƙasa da abin da aka rubuta.

Illar babban fiffike ba a tudu take bayyana ba. A ƙasan ruwa, in kana kwance rubda ciki kamar yadda ya kamata, kuma iskar da ke ciki lita shida ce kacal cikin jakar da ke cin 27, gefunan da suka yi saura sai su tashi sama su naɗe silindojin. Iskar ta gudu can ƙololuwar naɗin, sama da bakin tiyon da ake sako ta. Kana danna maɓalli, ba abin da ke fita. Kana tasowa kuma iskar tana kumbura: abin da yake lita uku a mita 10, kafin ka iso sama ya zama shida. Makarantun nutso suna koyar da a taso a hankali, wajen mita tara ko goma a minti. Wanda iska ta maƙale masa a baya zai wuce wannan ba da sonsa ba, sakamakon kuwa ciwon nan ne na kumfar iska cikin jini da gaɓoɓi, ko fashewar huhu in ya riƙe numfashi. Asibitin da ke da ɗakin matsin iska na maganin wannan ciwo yana da nisa da mu ƙwarai. Bayan haka ga jan ruwa. Lokacin farin ruwa, daga wajen Agusta zuwa Nuwamba, kogin yana gudu kuma ya gurɓace, tafin hannunka ma ba ka gani. Duk wani yadi da ke lilo a bayanka ruwa zai kama shi ya ja, ka yi ta harbin ƙafa, iskarka tana ƙarewa da wuri.

Wani ƙanenmu da ya dawo daga horo ya taɓa tare ni da hujjar da na fi jin ana kawowa. Ya ce, "Yaya, to in injin jirgi ya faɗa ruwa fa? Ko Allah Ya kiyaye, aka ce a ɗauko mutum? Ai babban fiffike shi ne zai taso da su." Na ce masa, "Ƙanena, wannan ita ce hanyar da ba a bi." Injin Yamaha mai doki 40 ya haura kilo 60 a tudu. A ce ka rungume shi, ka cika fiffikenka har ya ɗago ku. A mita takwas hannunka ya gaji, ko mai ya sa ya suɓuce. Injin ya koma ƙasa, kai kuma ga ka da rarar lita ashirin ta iska a baya, babu abin da zai riƙe ka. Ana ɗaga kaya ne da jakar ɗaga kaya, wadda ake ɗaura wa abin, a hura mata iska, ta tafi ita kaɗai, ko kuma a ɗaura igiya waɗanda ke cikin jirgi su ja. Ɗan'uwan da ya rasu a ruwa ma haka ake yi masa, kuma nauyinsa a cikin ruwa bai kai yadda ake zato ba. Kuɗin da za ka ƙara don sayen fiffike mai laba 60, sayi jakar ɗaga kaya da igiya da shi.

Faɗi ma abin dubawa ne, kuma wasu na mantawa da shi. AL80 kaurinta inci 7.25 ne, wato milimita 184. Biyu a jere da bututun haɗi sun kai kusan santimita 40. Manyan silindojin ƙarfe inci 8 ne. An yanka kowane fiffike ne don wani faɗi: wanda ya yi ƙunci silindoji za su danne shi, wanda ya yi faɗi zai naɗe. Shi ya sa Evolve 40 ya fi zama daidai kan masu inci 7.25, mai 60 kuma kan masu inci 8. Fiffiken silinda ɗaya ba ya aiki a nan sam, siriri ne, zai shige ƙarƙashin silindojin ya kasa buɗewa. Akwai waɗanda ake tallata su a kan suna yin duka biyun, kamar Rec na Dive Rite. Ga wanda aljihunsa bai kai ya sayi biyu ba, yana fitar da kai kunya, amma a kan silinda ɗaya ya yi faɗi, a kan manyan biyu ya yi ƙunci. Hujin kusoshi dai ba abin damuwa ba ne, kusan kowa ya tsaya kan tazarar inci 11.

Yanzu siffa. Takalmin doki shi ne na dauri. Masu nutso cikin kogunan ƙarƙashin ƙasa na Fulorida ne suka raini wannan tsari na faranti da fiffike, ana kuma danganta farantin farko ga Greg Flanagan a 1979. A takalmin doki, iska tana ratsawa daga hagu zuwa dama ta sama kawai, ta bayan wuya. Bawul ɗin sako iska na ƙasa kuwa galibi a gefen hagu yake. In iska ta taru a ƙafar dama kuma kanka yana ƙasa, sai ka ɗaga kafaɗa ka karkata kafin ta zagayo. Masu son sa suna cewa wannan ma amfani ne: in ka rataya ƙarin silinda a gefe ɗaya, kana iya tura iska can ta zauna, ta daidaita ka. Gaskiya ne, kuma wanda ya saba da shi ba ya ma lura yana yi.

Mai zobe kuwa ƙasansa a haɗe yake, iska na zagayawa ta sama da ta ƙasa. Ko yaya ka kwanta, da ɗan ɗaga ƙugun hagu ta iso bawul. Yana kuma ɗan tallafe gindin silindoji, abin da ke taimakon wanda ƙafafunsa ke rinjayar sa. Aibinsa kaɗan ne: ƙasan zoben yana iya shiga ƙarƙashin gajerun silindoji in an jingine kaya a ƙasa, ya tsinke. A ruwa mai haske da babu abin yi sai kallo, bambancin su biyun bai taka kara ya karya ba. Amma aikinmu lalube ne. Kai a ƙasa, hannu cikin laka, ana bin igiya a duhu. A wannan yanayi ina son iska ta fita duk lokacin da na ja zaren bawul, ba sai na tsaya tunanin gefen da take ba. Saboda haka na fi karkata ga mai zobe, musamman ga sabon hannu.

Maganar igiyar roba ta fi zafi, masu nutso sun daɗe suna musu a kanta. Kamfanin OMS ne ya yi suna da fiffiken da aka zagaye da robobi suna tamke shi. Dalilinsu a fili yake: in babu iska, robar tana tattare jakar ta hana ta lilo, in ka buɗe bawul kuma tana taya ka matso iskar waje. Ƙungiyar horar da masu nutso ta GUE, wadda Jarrod Jablonski ya kafa a 1998, ba ta yarda da shi ba, kuma hujjojinta sun fi shiga kaina. In jakar ta huje, robar da ke taya ka sako iska ita ce za ta matse sauran ta fitar, alhali fiffike sake yana iya riƙe iska a ɓangaren da ke sama da hujin. In regileta ta samu matsala ka koma hurawa da baki, da robar kake kokawa. Sannan in an lura, robar magani ce ta cutar da girma ya jawo. Fiffike daidai kaya ba ya buƙatar a tamke shi.

Mu nan akwai ƙarin dalili da su ba su da shi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gonaki da garuruwa da itatuwa, tsohuwar Bussa ma tana ƙasa. Kututturan nan da jirage ke karo da su har yau suna tsaye, kuma shekara da shekaru taru da mamari da ƙugiyoyi suna sarƙewa a jikinsu. Kowace igiyar roba da ke bayan mai nutso wurin kamawa ce, a inda idonsa ba ya gani, hannunsa ba ya kaiwa. Wasu kamfanoni sun koma ɓoye robar a cikin rigar fiffiken, wannan ya rage matsalar sarƙewa amma bai kawar da sauran ba. In ka samu fiffike mai kyau na hannu mai robobi a waje, galibi zare su ake yi. Sai dai ka duba ko in ya saki bai fi faɗin silindojinka ba.

Sai tambayar da ta fi duka nauyi: in fiffiken ya lalace a ƙasa fa? Tiyo na iya cirewa daga gwiwarsa, ƙugiya na iya yaga jaka. A nan ne fiffike mai jaka biyu ya samo kasuwa: jaka ta biyu tana kwance a bayan ta farko da nata tiyon, in waccan ta mutu a koma kanta. Ga mai goya manyan silindojin ƙarfe cikin rigar roba, wannan ba almubazzaranci ba ne. Babu ƙafar da za ta harbo kilo sha uku daga mita 30, kuma ba shi da dalmar da zai yar, don nauyin nasa a jikin silindoji yake.

Amma jaka biyu na da nata sharrin. In ka haɗa tiyon iska a duka biyun, maɓallin ta biyu na iya yin yoyo a hankali yana cika ta ba ka sani ba. Ka ga kana tasowa, ka yi ta sako iska daga ta farko wadda ba ita ce mai laifi ba. Shi ya sa masu amfani da ita da yawa ke barin tiyon ta biyu a cire, sai buƙata ta taso su haɗa ko su hura da baki. Kuma dole kafin kowace sauka ka tabbatar babu ragowar iska a cikinta. Ga tsada, ga kauri, ga kayan gyara ninki biyu.

Akwai wata hanya, kuma ita nake ganin ta dace da mu: ka tsara kayanka yadda ko fiffike ya mutu za ka iya tasowa. Da AL80 biyu da siririyar riga, nauyin da ya yi maka yawa a mafi munin lokaci, wato farkon nutso a wuri mai zurfi, bai wuce kilo bakwai zuwa takwas ba. In kilo biyu ko uku daga ciki dalma ce a ɗamara wadda za ka iya kwancewa, saura biyar, wanda mai lafiya zai harbo da ƙafa. Ga kuma jakar alama mai igiya da kowane mai nutso ya kamata ya riƙe a aljihu. Ka hura ta, ka bi igiyarta sama. Wannan ba a baki ake yarda da shi ba, gwadawa ake yi: a wuri marar zurfi, da abokin nutso a gefe, ka sako duk iskar fiffike silindoji na cike, ka ga ko za ka taso. In ka kasa, ko dai ka sauya silinda, ko ka sayi mai jaka biyu.

Game da yadi ba sai na tsawaita ba. Nemi mai riga biyu: ta waje nailan mai kauri, irin Cordura mai lamba 1000 ko wanda ake rubuta wa 1680, ta ciki kuma jakar roba daban, da zif da za ka buɗe ka ciro ta. Akwai marasa jakar ciki, yadi ɗaya ne aka liƙe, sun fi sauƙin nauyi da saurin bushewa, an yi su don masu yawo a jirgin sama. Mu ba mu da shagon gyara a Yelwa ko Birnin Kebbi, don haka wanda za ka iya buɗewa ka yi wa faci da kanka ya fi. Ranar da za ka yi odar, haɗa da jakar ciki guda ta ajiya, bawul ɗin sako iska, da kan maɓalli. Zaren bawul ɗin wani kamfani ba lallai ya shiga na wani ba. Huji kuma ba kasafai a ruwa ake samun sa ba, a jirgi ne, sa'ad da aka jefar da kaya gefen silinda ya datse jakar a kan katako.

Kan maɓallin shi ne abin da lakar kogi ta fi cutarwa. Yashi ɗaya in ya shiga, maɓallin hurawa ya maƙale, fiffike ya yi ta cika. Zaɓi irin gama-gari da ake kwancewa a wanke, ka kuma saba da cire tiyon iskarsa da hannu ɗaya ido rufe. A tsarin da aka fi bi, wannan tiyo daga regiletar dama yake fitowa, don in ta ɓaci ka rufe bawul ɗin dama ka koma shaƙa ta hagu. Tiyon roba mai ƙwarya-ƙwarya kuma kada ya yi tsawo har yana jan ƙasa. Ya isa bakinka, ya isa hannun hagu, shi ke nan. Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da bai shafi fiffike ba: iskar da za a cika silinda da ita ta injin numfashi ce mai matata, kuma a nisanta bakin shan iskarsa daga hayaƙin janareta. Injin mai faci ba ya wannan aiki.

In aka ce in zaɓar wa matashin da zai yi aikin ceto da lalube tsakanin Yauri, Ngaski da Shanga, zan ce AL80 biyu, farantin ƙarfe, fiffike mai zobe na laba 40, jaka ɗaya, ba roba. Wanda silindojin ƙarfe masu lita 12 suka riga suka shigo hannunsa, ya koma farantin alminiyam don rage nauyi, ya nemi laba 45 zuwa 50, ya kuma yi gwajin nan na tasowa kafin ya yanke shawara kan jaka biyu. Laba 60 sai ga mai lita 15 ko mai rataya ƙarin silindoji, shi kuwa ya riga ya shiga nutson da ke buƙatar horo na musamman, malaminsa zai faɗa masa abin da zai saya.

Da yawanmu na hannu za mu saya, tunda da dala ake cinikin, ga kuɗin dako. Ba laifi, in an gwada. Hura shi da baki har bawul ɗin kariya ya yi tsaki ya saki iska da kansa. In bai saki ba, bawul ɗin ya ƙage. Bar shi a cike a inuwa ya kwana, da safe ka ga ko ya saki jiki. Buɗe zif ka shafa jakar ciki: in tana danƙo ko ta yi ƙarfi tana tsagewa, ta gama aiki. Murɗa gwiwar tiyo da gindin bawul ka duba tsaga, don robar wurin ce rana ke fara ci. In mai sayarwa yana nesa, ya turo maka bidiyon wannan gwaji ta WhatsApp, da awon faɗin fiffiken a shimfiɗe da tef a kansa. Bayan ya zo hannunka, kowane dawowa daga ruwa ka zuba masa ruwa mai tsabta ta bakin tiyo, ka girgiza ka zubar, ka shanya a inuwa, ka rataye shi da 'yar iska a ciki, nesa da jarkar fetur da inda ɓera zai kai.